Ma'aikaciya ta kawo ƙarar mushrif ɗinta, dattawa sun ce a rufa asiri

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ne manajan wani kamfanin girki a Makka, muna kai abinci otal-otal ɗin masu umara, ma'aikatanmu sun kai 60, maza da mata. Wata yarinya a sashen zuba abinci ta same ni ta ce mushrif ɗin aikin dare, wato mai kula da ma'aikatan dare, ya hana ta sakat: saƙonni tsakar dare, tare ta a sito, har ya ce mata in ta ci gaba da taurin kai ba za a sabunta mata kwantiragi ba. Mutumin ɗan garinmu ne, magidanci, shekararsa 9 a wurin. Dattawanmu na unguwar Shara Mansur sun ce a haɗa su a yi sulhu a rufa asiri. Ga azumi ya matso, aiki zai yi yawa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka aikata. Na daɗe ina aikin kula da al'amuran ma'aikata a Jidda, irin wannan ƙorafi ya sha zuwa teburina, don haka zan gaya maka abin da na sani ba tare da kwana-kwana ba.

Kada ka haɗa su a ɗaki ɗaya. Wannan shi ne na farko, kuma da zafi nake faɗarsa, domin ni na taɓa yi. A farkon aikina, a wani kamfani da ba zan ambata ba, wata mai goge-goge ta shigo ofishina ta zauna a bakin kujera, tana ta murza gefen abayarta, wayarta mai fasasshen gilashi a cinya. Sau uku tana cewa, "Anti, ni dai a canza min wurin aiki." Sai a na huɗu ta miƙo min wayar. Washegari na kira ta na kira mutumin, a zatona gaskiya za ta fito in suka fuskanci juna. Ya shigo da carbi a hannu, ya gaishe ta da sunan mahaifinta, ya ce ai shi 'yarsa ya ɗauke ta. Ta sunkuyar da kai ta ce ta yafe, rashin fahimta ce. Bayan wata biyu ta bar aikin. Bayan shekara guda wata yarinyar ta kawo min ƙarar mutumin nan, da kalmomi kusan iri ɗaya. Har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan zama, don ni na jawo wa ta biyun abin da ya same ta.

Sulhu alheri ne, amma na mutane biyu ne da suka yi saɓani alhali kowa na tsaye da ƙafarsa. Mai riƙe da jadawalin aikinki, da kuɗin ƙarin lokacinki, da bakin da zai ce a sabunta miki kwantiragi ko a bari, in aka zaunar da ke gabansa ga dattawa a gefe, babu abin da za ki iya faɗa sai "na yafe". Wannan yafiyar tsoro ce ta haife ta.

Dattawa ba su yi kuskure ba da suka ce a rufa asiri. Inda za ka tsaya da su shi ne, asirin wa? Na yarinyar ne ya wajaba a rufa: kada sunanta ya zaga kicin, kada ya isa unguwa, kada ya haura waya ya isa gida wurin iyayenta a gurguje. Mun san yadda magana ke tafiya a tsakaninmu, abin da aka faɗa a unguwar Misfala ta Makka bayan la'asar kafin isha'i an ji shi a Kano. Shi ma wanda ake ƙara yana da haƙƙin kada a yayata shi alhali ba a tabbatar ba. Amma a ce rufin asiri shi ne a bar shi da makullin sito da 'yan mata goma a ƙarƙashinsa da daddare, wannan kam sai dai a kira shi da wani suna. Manzon Allah (SAW) ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yadda za a taimaki azzalumi ya ce a hana shi zaluncin. Ka kai wa dattawan wannan cikin ladabi, sun fi mu saninsa.

Wani zai ce maka, ina shaidunta huɗu? Shaidu huɗu na haddin zina ne. Yarinyar ba ta ce an yi zina ba, cewa ta yi ana cutar da ita a wurin neman abincinta, kuma wannan ana tabbatar da shi da saƙo, da kyamara, da shaidar abokan aiki, da abin da hankali ya kama.

To ga abin da dokar ƙasar nan ta ce, don ka san a kan me kake tsaye. Tun watan azumi na 1439, wato ƙarshen Mayun 2018, aka fitar da dokar yaƙi da taharrush, wato cin zarafi mai alaƙa da sha'awa. Ta fassara shi da duk wata magana ko aiki ko ishara mai ma'anar sha'awa da wani ya yi wa wani, wadda ta taɓa jikinsa ko mutuncinsa ko ta keta kunyarsa, ta kowace hanya, har da waya da intanet. Ka ga saƙon tsakar dare kaɗai ya isa ya shiga ciki, ba sai an kai hannu ba. Hukuncin asali ɗauri ne da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce riyal 100,000 ba, ko duka biyun. Yana hawa zuwa shekara 5 da riyal 300,000 a wasu halaye, kuma biyu daga cikinsu sun hau kan maganarka daram: in abin ya faru a wurin aiki, da kuma in mai laifin yana da iko a kan wanda ya cuta. A farkon 2021 aka ƙara wa kotu damar ta sa a buga hukuncin a jarida da kuɗin mai laifin, kuma a farkon 2022 wata kotu a Madina ta yi hakan, aka bayyana sunan mutum ƙarara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai abu biyu a dokar da dattawa ya kamata su ji. Ko wadda aka cuta ta janye, ko ba ta ma kai ƙara ba, hakan bai hana hukuma ta bi maganar ba, kenan sulhun unguwa ba ya kashe ta. Sannan dokar ta ɗora wa kowace ma'aikata, ta gwamnati da mai zaman kanta, ta samar da hanyar karɓar ƙorafi a cikin gida, da hanyar bincike cikin sirri, ta kuma sanar da ma'aikatanta. Ma'aikatar ƙwadago ta biyo baya da ƙa'idojin kare ma'aikata daga cin zarafi a wurin aiki, waɗanda suka fara aiki a Oktoban 2019. Don haka yanzu da yarinyar ta gaya maka, nauyin ya hau kan kamfani, ya hau kanka.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka sake zama da ita tare da wata mace da ita ta yarda da ita. Ka bar ƙofa yadda ba za a ji ku ba amma ba a kulle ba. Ka bar ta ta ba da labarin da harshen da ta fi sakewa a ciki. In da Hausa za ta faɗa, a rubuta yadda ta faɗa, sannan a mayar Larabci, a karanta mata, ta yarda, ta sa hannu da kwanan wata. Tambayoyinka su tsaya a kan yaushe, a ina, me ya ce, me ya yi, wa ke kusa, wa ta gaya wa a lokacin. Kada ka tambaye ta me ta sa a jikinta, ko me ya kai ta sito ita kaɗai, ko don me sai yanzu ta faɗa. Aiki ne ya kai ta sito. Dalilin jinkirinta kuwa yana cikin tambayarka: an yi mata barazana da kwantiragi, kuma ga baƙuwa a ƙasar nan kwantiragi shi ne igama, wato takardar izinin zama, igama ita ce zama, zama shi ne kuɗin da take aika wa gida ƙarshen wata. In ka ga tana rikita ranaku ko tana dariyar da ba ta dace da wurin ba, kada ka ɗauke shi alamar ƙarya. Mai tsoro haka yake yi.

Kada ka yi mata alkawarin cewa babu wanda zai ji, don dole wanda ake ƙara ya san abin da ake tuhumarsa da shi. Ka gaya mata sunayen mutum uku ko huɗun da za su sani, ka tsaya a kansu. Ka kuma gaya mata a fili cewa binciken kamfani bai toshe mata hanyar hukuma ba: tana iya kiran 911 a nan Makka, ko ta shigar da ƙara ta manhajar Kulluna Amn, ko ta je wurin shurɗa, wato 'yan sanda, su kuma su miƙa wa niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara. Abin da ya shafi haƙƙinta na aiki kuwa, lambar ma'aikatar ƙwadago 19911 ce. Zaɓin nata ne, kada ka tura ta, kada ka hana ta.

Hujjoji su ne ke saurin salwanta. Ta ɗauki hoton saƙonnin yadda lamba da lokaci za su fito, ta adana saƙonnin murya, kada ta goge komai, har da amsoshinta da take jin kunyarsu. Sau da yawa yarinya kan amsa da "to" ko "in sha Allah" don ta rabu da mutum lafiya, sai daga baya ta ji tsoron za a ce ta ba da fuska, ta goge, ta rusa hujjarta da hannunta. Kai kuma ka je wurin mai kula da kyamara da kanka ka sa a killace hotunan ƙofar sito na ranakun da ta ambata, don na'urorin suna shafe tsohon ɗauka bayan 'yan makonni. A bar su a na'urar kamfani, kada a tura wa kowa a waya. Ka ɗauko jadawalin aiki na wata uku ka duba: sau nawa aka sa ta aikin dare, wa ya sa ta, yaushe kuɗin ƙarin lokacinta ya fara raguwa. Takarda kan faɗi abin da baki ya kasa.

Ka ja mata kunne, da duk mai tausaya mata, kada a kai maganar TikTok ko WhatsApp. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya ɓata sunan wani ta waɗannan hanyoyi. Na ga mai gaskiya ta koma wadda ake tuhuma saboda ƙawarta ta sa hoton mutum da sunansa a waya cikin fushi.

Daga nan sai ka raba su, kuma shi za ka matsar. Ka cire ta daga ƙarƙashin ikonsa gaba ɗaya: ba shi zai rubuta mata jadawali ba, ba shi zai sa hannu a takardar hutunta ba, ba za a nemi ra'ayinsa a kan kwantiraginta ba. In ita aka ɗauke aka kai wanke tukwane a wani reshe mai nisa, duk matan kicin ɗin sun karanta darasin, kuma ba za ka sake jin ƙorafi ba har abada, ko da ana yanka su. Ka gaya masa wannan matsarwa ba hukunci ba ce, tsari ne har a gama bincike, ka kuma gargaɗe shi a rubuce cewa kada ya kira ta, kada ya aika mata matarsa ko ɗan'uwansa ko limamin unguwa.

Yanzu sai maganar da wataƙila ba za ta yi maka daɗi ba, Malam. Ka ce ɗan garinku ne. Kada ka zauna a kwamitin binciken. Ko kai adali ne, in aka wanke shi za a ce ɗan gari ya rufa wa ɗan gari, in aka kama shi danginsa za su ce ka ci amana. Ka sa mai kamfani ya naɗa kwamiti a rubuce, mutum uku sun isa, da mace a ciki, babu abokin kowa, babu wanda mushrif ɗin ya kawo aiki. Tsarin dokokin cikin gida da ma'aikatar ƙwadago ta fitar ya ba kwamiti kwana 5 na aiki ya miƙa shawararsa. Ya kuma ambaci kwana 5 na aiki don kawo ƙorafi, amma a ganina babban kuskure ne kamfani ya fake da wannan ya ƙi sauraron wadda ta makara. Abin da ake maimaitawa kullum ba shi da rana ɗaya, kuma hanyar hukuma na nan a buɗe ko da kamfani ya rufe tasa. In da mai kamfanin ne da kansa ake ƙara, to babu maganar kwamiti, hukuma za a nufa kai tsaye.

Shi ma a yi masa adalci cikakke, don bai zama mai laifi ba tukuna. Sashe na 71 na dokar ƙwadago ya hana a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi tuhumar a rubuce, an yi masa tambayoyi, an ji kariyarsa, an rubuta an ajiye a fayil ɗinsa. Sashe na 69 kuma ya sa iyaka: ba a tuhumar ma'aikaci da laifin da ya wuce kwana 30 da gano shi, ba a kuma zartar da hukunci bayan kwana 30 da gama bincike. Ka ga in ka ce bari sai bayan sallah, ka zubar da damar da hannunka. Kamfanoni da dama sun kori mai laifi na gaske cikin fushi ba tare da takarda ba, ya je kotun ƙwadago ya yi nasara a kansu. A saurari shaidu ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, a kuma tambayi matan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa a da, har da waɗanda suka nemi canjin wuri ba tare da sun faɗi dalili ba.

In ya tabbata, hukuncin ya dace da girman abin. Barazana da kwantiragi don neman lalata ba abin jan kunne ba ne a wurina. Sashe na 80 ya ba kamfani damar sallamar ma'aikaci ba tare da wa'adi ko kuɗin sallama ba in ya tabbata ya aikata abin da ya keta mutunci ko amana, bayan an ba shi damar ya faɗi uzurinsa. Za a ce maka yana da iyali. Gaskiya ne, abin tausayi ne, amma ita ma tana da waɗanda take ciyarwa, kuma ba ita ta jefa iyalinsa cikin wannan hali ba. Ka kuma sani sashe na 81 ya ba ma'aikaci damar barin aiki ba tare da sanarwa ba, da dukkan haƙƙoƙinsa, in mai aikin ko manajan da ke kansa ya yi masa abin da ya saɓa wa ɗa'a.

In kuma hujja ba ta isa ba, a rubuta cewa ba ta isa ba. Rashin tabbata daban, ƙarya daban. Dokar taharrush ta tanadi wa mai ƙarar sharri hukunci daidai da na mai laifin, kuma hakan daidai ne, amma sai an tabbatar da gangan ta ƙirƙira. Kada ka bari a ɗaga mata wannan sashe a matsayin sanda tun ranar farko. Ko an wanke shi, kada ka mayar da ita ƙarƙashinsa.

Ina so in ɗan ratse in ambaci 'yan'uwanmu mata masu shagala, wato aikatau, a gidaje, don nasu ya fi tsanani, babu kwamiti, babu kyamara, babu abokiyar aiki. Dokar ƙwadago ba ta haɗa da su ba, tsarinsu daban ne ta Musaned, manhajar gwamnati ta masu aikin gida, amma dokar taharrush ta kowa ce. Wadda kuma igamarta ta mutu ko kafili, wato uban gidan da ke riƙe da igamarta, ya rubuta mata hurub, wato ya kai rahoton ta gudu, ita ce mugun mutum ya fi nema, don ya san tsoron tarhil, wato a kore ta daga ƙasar, zai rufe mata baki. In irin wannan ta zo maka, ka haɗa ta da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta a Jidda ko lauya kafin komai.

Sauran aikin na bayan wannan shari'a ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi kai ranar tafiyar ta riske ka babu kwamiti. Ka kafa na dindindin, ka sa hanya biyu ta kai ƙorafi, ɗaya mace ce, don kada ƙofa ɗaya tak ta zama ita ce ta mai laifin. Takardar da aka manna a bango da Larabci da Turanci ba ta amfani mai wanke-wanken da ba ta karatu. Ka tara su, mata daban maza daban, a faɗa musu da baki da Hausa da Urdu da Bangali da duk harshen da ke kicin ɗin, da misalai na zahiri: kiran mace "amaryata" bayan ta nuna ba ta so, riƙe hannu wurin miƙa tire, tura hoto, wasan da ake cewa na jika da kaka ne alhali ba jika ba kaka. Ka faɗa wa samari ƙanana su ma ƙofar tasu ce, don ana cutar da su kuma sun fi mata jin kunyar faɗa. Dokar taharrush ma ta tsananta hukunci in jinsi ɗaya ne, haka in wanda aka cuta yaro ne ko mai buƙata ta musamman.

Abin da ya fi wa'azi tasiri shi ne ka rage ikon mutum ɗaya. Sabunta kwantiragi, rabon aikin dare, kuɗin ƙarin lokaci, kada ɗayansu ya rataya a bakin mushrif shi kaɗai, a sa hannu biyu. Tun da mata suka yawaita a wuraren aiki a ƙasar nan, daga ƙasa da kashi 20 cikin 100 a 2017 zuwa sama da kashi 30 a 'yan shekarun nan, wurare da yawa sun ɗauki mata amma tsarinsu na lokacin da maza ne zalla bai canza ba.

Ga azumi nan tafe, aikin sahur zai sa mutane su kwana a kicin. Kafin a ga wata ka zaga wurin da kanka da ƙarfe biyun dare. Ka duba fitilar lungun sito, ka duba ko ƙofar ɗakin sanyi tana buɗuwa ta ciki, ka duba ko makewayin mata da wurin sallarsu suna da sakata. Ka tsaya ka ga motar da ke mayar da ma'aikata gida: wa ake saukewa a ƙarshe, ita kaɗai ce da direba, wa ya tsara hakan. Yarinyar kuma ka neme ta bayan mako biyu, ka sake nemanta bayan sallah, tare da matar nan da ta yarda da ita, ka buɗe jadawali da takardar albashinta a gabanta ku duba tare ko wani abu ya ragu.